Ɗakin taurari na jami'a

Ɗakin taurari, wanda wasu ke kira fulanetariyom, zaure ne mai rufi kamar an kife ƙwarya, ana kashe fitilu a haska taurari da wata da sauran duniyoyi a jikin rufin daga ciki, mutum na kishingiɗe a kujera da tsakar rana amma sai ya rantse dare ne ya tsala a ƙauyen da ba lantarki. Ba ɗaya yake da gidan hangen taurari ba duk da mutane na yawan haɗa su, shi wancan ainihin sama ake kallo da madubin hange, wannan kuwa saman kwaikwayo ne, shi yasa hadari ko ƙura basa hana shi aiki. Jami'o'i da dama musamman a Amurka suna da nasu, da rana a koyar da ɗalibai da 'yan firamare da ake kawowa a bas, da daddare a sayar wa jama'a tikiti, wasu har da wasan hasken lesa da kiɗa.

Asali

A Jamus abun ya fara. Oskar von Miller wanda ya kafa gidan tarihin Deutsches Museum na Munich shi ya nemi kamfanin Zeiss dake Jena suyi masa wani abu da zai nuna wa jama'a tafiyar sama, injiniyansu Walther Bauersfeld ya kawo dabarar a bar rufin a tsaye, hasken ne zai riƙa juyawa daga wani inji a tsakiyar ɗaki. An gwada shi a 1923, aka buɗe wa jama'a a Munich ranar 7 ga Mayu 1925. Amurka ta samu nata na farko a Chicago a 1930 wato Adler. Injin Zeiss tsada gare shi ba kaɗan ba, sai manyan birane ko attajirai, har sai wajajen 1947 da wani Armand Spitz ya fara ƙera ƙaramin inji mai araha wanda makaranta zata iya saya. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam na farko, Sputnik, a 1957 hankalin Amurka ya tashi, gwamnati ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, daga nan ne ƙananan ɗakunan taurari suka bazu a kwalejoji da sakandare.

Morehead

Wanda yafi suna a cikin na jami'o'i shine Morehead na Jami'ar North Carolina a garin Chapel Hill, an buɗe shi ranar 10 ga Mayu 1949. Shine na farko a kudancin Amurka, kuma ana yawan cewa shine na farko a harabar wata jami'a a ƙasar. Wanda ya biya kuɗin, John Motley Morehead III, tsohon ɗalibin jami'ar ne da ya gama a 1891, masanin haɗa sinadarai, dukiyarsa daga harkar kabayid ta fito, irin dai wanda masu walda ke jiƙawa su samu gas, ta kamfanin Union Carbide. Ginin ya ci kusan dala miliyan 3, faɗin rufin ƙafa 68, a ƙofar gida kuma akwai ƙaton agogon inuwa a tsakiyar lambun furanni.

Matsalar da aka samu lokacin itace inji. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, masana'antar Jena ta faɗa ɓangaren Sobiyet an kwashe kayanta, ba wanda zai ƙera maka sabon injin Zeiss ko nawa zaka bayar. To shi Morehead ya taɓa zama jakadan Amurka a Siwidin daga 1930 zuwa 1933, ya san akwai wani injin Zeiss samfuri na biyu a ƙasar, sai ya saye shi aka kawo. Kwance ne dai amma yayi shekara 20 yana aiki kafin a sa samfuri na shida a 1969. Shugaban farko Roy Marshall daga ɗakin taurari na Fels a Philadelphia ya zo, bai jima ba ya tafi, wanda ya riƙe wurin wajen shekara 30 shine Tony Jenzano, mutumin da asali makanikin injin ne aka taho dashi, ba farfesa ba.

Horar da 'yan sama jannati

Nan ne labarin Morehead yafi daɗi. Daga wajajen 1960 zuwa 1975 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta riƙa turo 'yan sama jannatinta Chapel Hill su koyi taurari, su 62, a cikin mutum 12 da suka taka wata 11 sun zauna a wannan zauren, Harrison Schmitt na Apollo 17 ne kaɗai bai zo ba. Dalilin bashi da wuyar ganewa, kumbo na da na'urar dake gaya masa ina ya dosa, amma na'ura na iya sauka daga saiti ko wuta ta ɗauke mata, idan hakan ta faru ba alamar da ta rage wa matuƙi sai taurari. Kuma ba kallon da kake yi a tsakar gida bane inda sama gaba ɗaya ke gabanka, ta wata 'yar taga zaka leƙa kaga taurari biyar ko shida, wataƙila ma a karkace ko a kife, dole ka gane su nan take.

Don haka Jenzano da mutanensa suka riƙa harhaɗa kumbon ƙarya da katako da kwali, a yanka taga daidai girman ta gaske, don kumbon Gemini mai ɗaukar mutum biyu har kujerun aski suka samo saboda suna juyawa suna kwantawa. Ɗan sama jannati ya shiga, a juya masa sama yadda zata kasance a daidai ranar tafiyarsa, ayi ta tambayarsa har ya haddace. Ana cewa Neil Armstrong ya fi kowa daɗewa a wurin, wajen awa 130. Zuwansu ba'a shelanta shi don kar 'yan jarida su cika gari, wai ma'aikata na da kalmar sirri da suke faɗa wa juna idan baƙin sun iso, lokacin biskit.

Kwamfutar kumbon Apollo mai zuwa wata taurari 37 aka sa mata na neman hanya, kuma uku daga ciki sunayen barkwanci suke ɗauke dasu, Navi da Dnoces da Regor. Ɗan sama jannati Gus Grissom ne ya ƙirƙire su, ana kuma cewa da haɗin bakin Jenzano aka cusa su cikin jerin. Juya su zakayi ka karanta ta baya, Ivan sunan tsakiyar Grissom ne, Second daga sunan Edward White na biyu, Roger kuma Roger Chaffee. Su ukun gobara ta kashe su a cikin Apollo 1 ranar 27 ga Janairu 1967 ana gwaji a ƙasa, sai aka bar sunayen ba'a cire ba, har suka shiga wasu taswirorin taurari kamar tsoffin sunaye ne na gaske.

Horon yayi rana. A Mayu 1963 Gordon Cooper na dab da gama zagaye 22 a kumbon Faith 7 lantarki ya lalace, da hannu ya saita kumbon yana duban taurari da gefen duniya ta taga, ya duba agogon hannunsa ya kunna roket, kuma ya faɗo teku 'yan mil kaɗan daga jirgin ruwan dake jiransa. A Nuwamba 1969 tsawa ta faɗa wa Apollo 12 sau biyu yana tashi, na'urar saiti ta rikice, da taurari Dick Gordon ya maido ta suna zagayen duniya kafin su wuce wata. Ana sa Apollo 13 a lissafin amma akwai ja, don tarkacen fashewar da ta samu kumbon a hanya ya cakuɗe da taurari a taga, rana da duniya suka fi dogara dasu.

Wasan lesa

Wannan ba ilimin taurari bane, rufin kawai aka ara. Wani mai shirya fim Ivan Dryer ya ga gwajin hasken lesa da Elsa Garmire ke yi a jami'ar Caltech, ya lura kyamara bata iya ɗauko kyan launin yadda ido ke gani, sai ya roƙi gidan hangen taurari na Griffith Observatory a Los Angeles su bashi ɗakin taurarinsu. Ranar 19 ga Nuwamba 1973 aka fara da sunan Laserium, aka ci gaba a wurin har 2002, kuma cikin 'yan shekaru ya yaɗu zuwa wasu birane. Lesar gas ɗin kiripton ake rabawa launi huɗu, ja da rawaya da kore da shuɗi, wasu ƙananan madubai na karkaɗawa da mugun sauri suna yawo da ɗigon hasken, ido baya iya binsa sai yaga zane ko wani abu kamar hayaƙi na lilo. Da hannu mai wasan ke sarrafawa yana bin kiɗa, shi yasa na yau baya zama irin na jiya. Kiɗan ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd yafi kowanne manne wa harkar.

A jami'o'i, Fiske na Jami'ar Colorado a Boulder, wanda aka buɗe a 1975 da rufi mai ƙafa 65, yana cikin waɗanda aka sani da wasan lesa na dare. Wasu malaman taurari sun raina abun suna cewa an maida aji gidan rawa, masu riƙe da asusu kuma suka ce tikitin daren ne ke taimaka wa darasin safe.

Ziyara

Shiri ɗaya yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya. Idan aka rufe ƙofa galibi ba'a buɗe wa wanda ya makara, waya ma a aljihu, saboda ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai kuma haske kaɗan ya isa ya ɓata. Kujerun baya sun fi, wuya baya gajiya. Mafi armashi shine inda mai bayani ke nuna saman daren ranar da ɗan kibiyar haske, ga Zara can, ga Kaza da 'ya'yanta, ya gudu da lokaci kaga shekara ta wuce a minti ɗaya, ko ya canza gari, tauraron arewa dake tsayin digiri 36 a sama a Chapel Hill ya sauko zuwa 12 kamar kana Kano.

Yanzu

Kwamfuta ta karɓe aikin, tun daga Digistar na 1983, injin haska taurari mai aiki da kwamfuta. Morehead ya koma dijital a 2010 ya ajiye Zeiss ɗinsa a 2011, Fiske ya sabunta a 2013.

A Afirka

Jami'ar Witwatersrand a Johannesburg ta buɗe nata a 1960, shima da kwancen injin Zeiss da aka sayo daga Hamburg.