Aikin dispaca a Amurka: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tunda aka fara tallan koyar da aikin dispaca a intanet, kusan kullum sai wani ya turo min tambayoyin nan. Ga amsa a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake kirana.

Mene ne ma aikin?

Nemo wa mai tirela lodi a shafukan tallan lodi na intanet irin su DAT ko Truckstop, yin ciniki da dillali a madadinsa, da cike takardu. Ɗan kamasho ne mai kwamfuta. La'adar galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ce na kuɗin lodi.

Sai da lasisi?

A'a, muddin kai wakilin mai mota ne. Yi wa kamfaninka rajista a jiha, ka karɓi lambar haraji ta EIN. Dillali ne FMCSA, hukumar Amurka mai kula da manyan motoci, ta wajabta wa lasisi.

To me zai hana in yanki lasisin dillali in huta?

Aljihunka. Kuɗin nema dala 300 ne, wannan da sauƙi, amma sai da jinginar dala 75,000. Da dala 10,000 ce, dokar MAP-21 ta ɗaga ta, aka fara aiki da sabon adadin a 2013.

Dillali ya turo kuɗin lodi asusuna, ni kuma in cire nawa in ba direba?

Kul! Kuɗin ya tafi wajen mai mota, kai ka tura masa takardar la'adarka ya biya ka. Ranar da ka fara karɓa daga hannun dillali ko mai kaya, ka fara kama da dillalin da ba shi da lasisi.

Ina da masu mota uku. Na karya doka ke nan?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma duk wanda ya ce maka "e" ko "a'a" kai tsaye bai karanta ba. A watan Yunin 2023 FMCSA ta fitar da bayani kan bambancin dillali da wakili na haƙiƙa. Yawan motocin da kake wa aiki ba shi ne abin dubawa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko kai kake rabon lodi a tsakaninsu.

Ga misali. Lodin shinkafa ya fito daga Hiyuston zuwa Atlanta, dala 2,000. Masu motarka biyu duk suna Hiyuston, duk motocinsu iri ɗaya, duk babu kaya. Ka ba ɗaya, ka hana ɗaya. To a wannan lodin wakilin wa kake? Wanda ka hana ai ba za ka ce kana yi masa aiki ba. Wannan zaɓin shi hukumar ke ɗauka a matsayin dillanci. In kuwa ɗaya motar sanyi ce mai ɗaukar nama, ɗaya kuma buɗaɗɗiya mai ɗaukar ƙarfe, ko ɗaya na gabas ɗaya na yamma, babu rabo, hankalinka ya fi kwanciya.

Na ce ya fi kwanciya, ban ce ka tsira ba. Bayanin jagora ne, ana auna kowace harka da yadda take. Akwai wasu alamun da ake haɗawa. Kana da rubutacciyar yarjejeniya da kowane mai mota? Kana zuwa wajen masu kaya kai tsaye kana neman lodi? Kana karɓar lodi tun ba ka da mota, sannan ka shiga cigiya? Sunanka yana cikin takardar kwangilar kayan? Guda ɗaya na iya zama kuskure, amma in sun taru, sunan da ka rubuta a katinka ba zai cece ka ba. Dokar ta tanadi tara har dala 10,000 kan kowane laifi, ana kuma ɗaga adadin saboda hauhawar farashi, ga biyan wanda ya yi asara. Abin da mutane ba sa son ji: abin yana bin mai kamfani a karan kansa, rajistar LLC, mai raba dukiyar kamfani da ta mai shi, ba ta tare shi. In motocinka iri ɗaya ne a hanya ɗaya, biya lauyan harkar sufuri na awa guda ya duba yarjejeniyarka.

In kaya suka lalace ko aka yi haɗari fa?

Kwantar da hankalinka. Asali alhakin kaya na kan mai mota, shi ne kuma doka ta ɗora wa inshorar aƙalla dala 750,000 ta haɗari. Sai dai lauyan wanda aka buge duk sunan da ya gani a takarda zai sa a ƙara. Nemi inshorar kuskuren aiki.

Zan iya yi daga Kano ko Yamai?

Ana yi. Dokar dai ta Amurka ce, kuma Niyok tana bayanku da awa biyar ko shida, sai ka shirya raba dare.

Direba ya ce awanninsa sun ƙare, saura mil 80, dillali yana ta kira.

Sai ya tsaya mana! Tuƙin awa 11 ne cikin awa 14, bayan hutun awa 10, kuma na'urar da ke motar tana rubuta komai. Ƙa'idar ta hana kowa zuga direba ya ƙetare, ba mai mota kaɗai ba. Saƙon nan da kake shirin turawa, "daure ka ƙarasa", shi za a karanto a kotu. Kira dillalin ka sake lokacin sauke kaya.