Tantance sake-bugun littattafan kwamik masu zaman kansu

Littafin kwamik mai zaman kansa shi ne labarin zane da mai shi ko wani ƙaramin kamfani ya buga, ba manya irin su Marvel da DC ba. Saboda ƙarancin jari, bugun farko ba ya da yawa, idan ya ƙare sai a sake bugawa. Masu tara su suna duba abu biyu, kuma a jere: wane bugu ne, sannan yaya lafiyarsa. Wanda ya fara da na biyun yakan biya kuɗin doki ya tafi gida da jaki.

Gane bugu

Shaidar farko ita ce ƙananan rubutun nan na haƙƙin mallaka da ke cikin bango ko ƙasan shafin farko, inda akan rubuta bugu na biyu ko na uku. A littattafan zamani, lambar bakod tana da ƙarin lambobi biyar a gefe: ukun farko lambar fitowa ce, ta huɗu nau'in bango, ta biyar kuma bugu. Tsofaffi ba su da wannan, sai an san tarihinsu. Zap Comix na 1, na Robert Crumb, ya fito a 1968, kuma ana gane bugun farko da sunan mai ɗab'insa, Charles Plymell, a bayan bango, na biyu kuma da sunan mai ɗab'insa, Don Donahue. Teenage Mutant Ninja Turtles na 1, wanda Kevin Eastman da Peter Laird suka fitar a 1984, kwafi kusan 3,000 aka buga da farko, shi ya sa bugunsa na biyu da na uku ma suke da daraja.

Sake-bugu daban, jabu daban. Cerebus na 1, na Dave Sim, ya fito a 1977 da kwafi 2,000, daga baya aka yi jabunsa. Cikin bangon na jabun yana sheƙi, na ainihin ba ya yi. Tabarau mai ƙara girma yana taimakawa, domin wanda aka kwafa daga hoto layukansa sukan yi kauri, inuwar zane ta dagule.

Ma'aunin daraja

Kamfanin CGC na Amurka, wanda ya fara aiki a 2000, yana ba da maki daga 0.5 zuwa 10.0, sannan ya rufe littafin cikin akwatin roba. Maki 9.8 kusan babu aibi, 9.4 aibi ɗan kaɗan, 8.0 an karanta amma da kula, 6.0 akwai lanƙwasa, 4.0 ya sha hannu, 2.0 ya jigata amma yana karantuwa. Tambari shuɗi a jikin akwatin na nufin ba a yi wa littafin gyara ba, shunayya an yi masa gyara, ruwan ɗorawa an sa hannu a gaban shaida, kore kuma akwai wani babban aibi guda da aka keɓe, ba a lissafa shi cikin makin ba.

Mai dubawa yana wanke hannu ya busar, ya kwantar da littafin a tebur, ya fara ƙirga shafi. Kowace takarda ninkakkiya shafi huɗu ce, don haka jimilla dole ta rabu gida huɗu, kuma ta tsakiya ce ta fi saurin ɓacewa. Daga nan sai fil ɗin ƙarfe biyu da suka ɗinke shi: akwai tsatsa, ko ramin ya yage? Sai a karkata bango ga haske a nemi ƙananan karaya a wurin ninki. Wadda ta fasa launi har fari ya bayyana ta fi rage maki, tunda matse littafin don ya miƙe ba ya gyara ta. Inda aka cike launi da alƙalamin maka, tawada takan ratsa ta fito a cikin bango.

Adanawa a Jos da Abuja

Takarda ta fi son danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Sanyin Jos alheri ne, amma laimar Yuli da Agusta tana sa fil ya yi tsatsa ya ɓata takarda, ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa su fito. Da hunturu kuma bango ya bushe ya nannaɗe. A Abuja zafin Maris ne abokin gaba, musamman ga kwalin da aka ɗora saman durowa kusa da silin. Ana saka kowane littafi cikin ledar Mylar da kwali marar asid a bayansa, a jera su tsaye cikin akwati, a ɗaga shi daga siminti saboda gara, a jefa ƙunshin silika mai tsotse danshi a ciki, ana sauya shi idan ya jiƙe.

Kwafin da ake tsinta wajen masu littattafan gwanjo yawanci yana ɗauke da sunan wani ɗalibi da biro ko tambarin laburare, a bar shi haka, gogewa tana cinye launi. Salatif yana barin tabon rawaya. Laminetin kuwa, da aka saba yi wa takardun makaranta, ba ya ciruwa, kuma littafin da aka yi wa shi ya fita daga kasuwar masu tarawa.