Magungunan serotonin da cin abincin ɓeraye

Serotonin sinadari ne da jiki ke haɗawa daga tryptophan, wani sinadari da ake samu a abinci. Kusan kashi 90 cikin ɗari a hanji yake, amma ɗan abin da ke ƙwaƙwalwa shi ke taimaka wa dabba ta ji ta ƙoshi. Magungunan da ke ƙara masa ƙarfi, irin su fenfluramine da fluoxetine da sibutramine, suna rage wa ɓera ci. Cyproheptadine kuwa, wanda ake saye a kemis da sunan maganin ƙara ƙiba, toshe hanyarsa yake yi.

Tarihi

Tun wajajen shekarun 1970 John Blundell na Jami'ar Leeds a Ingila ya nuna cewa fenfluramine ba ya hana ɓera fara ci, sai dai ya sa shi ci a hankali, ya kuma janye daga abincin da wuri. Amurka ta amince da maganin a 1973, sai dexfenfluramine a 1996. An janye su duka a 1997 bayan an gano suna lalata ƙofofin zuciya. An janye sibutramine ma a 2010, sai lorcaserin, wani maganin rage ci, a 2020. A 1995 aka samar da ƙananan ɓeraye marasa mashigar 5-HT2C, ɗaya daga wuraren da serotonin ke kamawa a ƙwaƙwalwa, suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa har suka yi teɓa, abin da ya nuna muhimmancin wannan mashiga wajen rage ci.

Dogon amfani

A kwanakin farko na ba ɓera fenfluramine ci yakan faɗi warwas. Cikin mako ɗaya zuwa biyu sai jiki ya saba, ɓeran ya koma cin kusan abin da ya saba ci, amma nauyinsa ya tsaya ƙasa da na 'yan uwansa muddin ana ba shi maganin. Da zarar an daina, sai ya afka wa abinci har ya cim musu. Wannan ya sa wasu masana ke ganin ba yunwa maganin ke kashewa ba, ma'aunin nauyin da jiki ke karewa yake saukarwa. Haka ake gani har a ɓeran Zucker, wanda ya gaji ƙiba saboda matsalar mashigar leptin, sinadarin da kitsen jiki ke fitarwa don rage yunwa.

Yawan fenfluramine yana ƙarar da serotonin na ƙwaƙwalwa na tsawon makonni. Ko hakan lalacewar jijiya ce, har yanzu ana jayayya.

Gwaji

A ɗakunan gwaji irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, farin ɓeran Wistar aka fi amfani da shi. Babba yakan ci giram 15 zuwa 25 a rana, galibi da dare, don haka dab da magariba ake ba da magani. Dole a tattara garin da ya zube ƙarƙashin keji a auna, in ba haka ba a lissafa ɓarna a matsayin ci. Ana kuma ware rukunin da ake ba daidai abin da masu shan magani suka ci jiya, don a gane ko ramar daga ƙarancin ci ce kaɗai. Sanyin hunturu na ƙara wa ɓera ci, zafin Afrilu na rage shi, shi ya sa ba a kwatanta sakamakon lokutan biyu.