Ruwan da ya yi garau ba lallai ne ya zama mai lafiya ba

Mutane da yawa sun daɗe da ɗauka cewa idan bala'i ya afka wa duniya, famfo ya ƙafe, wutar lantarki ta ɗauke, abin da ake buƙata kawai shi ne a jefa alif a randa a jira laka ta kwanta, sai a sha. Alif da garin ƙwayar zogale suna tattara datti ya sauka ƙasa, kuma suna rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa kawar da su gaba ɗaya. Ƙwayar kwalara ba ta canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa. A 1994, 'yan gudun hijirar Ruwanda da suka taru a birnin Goma na ƙasar Kongo (Zaire a lokacin) sun sha ruwan tafkin Kivu ba tare da an kashe masa ƙwayoyin cuta ba, kwalara ta hallaka dubbai cikin 'yan makonni.

Bayan an tace, sai a tafasa ruwan har ya yi ta ɓulɓula na tsawon minti 1, ko minti 3 a kan tsaunuka masu tsayi sosai. Idan itace ya yi wuya, wanda a lokacin bala'i shi ne abin da ya fi yiwuwa, a cika gorar roba marar launi, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan akwai hadari. Tafasawa ba ta cire dalma ko fetur, kuma ruwan da aka tafasa yana sake gurɓata da zarar an tsoma masa moɗar da hannu marar tsafta ya riƙe.