Mastas ɗin MPA a Najeriya: asali, sharuɗɗan shiga da kwasa-kwasai

MPA digiri ne na biyu a fannin gudanar da harkokin gwamnati, wato mastas da ake yi bayan digirin farko, kuma yawancin masu yinsa ma'aikata ne da suka riga suka ɗan daɗe a ofis, na ma'aikatu da ƙananan hukumomi da hukumomin tsaro, sai kuma 'yan ƙungiyoyin agaji da suka shigo daga baya. A jami'o'in Najeriya yana tafiya ne gefe da gefe da wani mastas ɗin da ake kira MSc, fanni ɗaya ne, sau da yawa ma malamai ɗaya ne, amma ba hanya ɗaya suke kai mutum ba, kuma nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe.

Asali

Karatun ya samo tushe ne daga Amurka. Ana yawan danganta farkonsa da wata maƙala da Woodrow Wilson ya rubuta a 1887, tun kafin ya zama shugaban ƙasa, inda ya ce a ware aikin gudanarwa daga siyasa a karance shi da kansa. Makarantar Maxwell ta Jami'ar Syracuse, wadda aka buɗe a 1924, ita ake kirgawa a matsayin ta farko da ta fara wannan digiri.

A Arewa kuwa labarin daga unguwar Kongo ya fara, a Zariya. Wajen 1947 Turawan mulki suka buɗe wata makarantar horar da akawu a can, don En'e-En'e, wato hukumomin sarakuna na lokacin, na fama da ƙarancin masu riƙe littafin baitulmali da rubuta takardun ofis, sai a aiko da yaro daga Kano ko Katsina ko Borno ya koyi lissafin kuɗi da tafireta ya koma wajen ma'aji. A 1954 aka ɗaga ta ta zama Cibiyar Harkokin Mulki, shekarar da Sardauna ya zama Firimiya, kuma daga nan aikinta ya faɗaɗa sosai. Gwamnatin Jihar Arewa na son 'yan Arewa su karɓi kujerun da Turawa za su bari, amma masu digiri a lokacin ba su taka kara sun karya ba, don haka a ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe kwas na musamman da ake ɗauko malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu hazaƙa a horar da su su fito mataimakan Di'o, wato jami'in mulki na gunduma. Da yawa daga cikin manyan sakatarorin da suka riƙe Arewa, har da jihohin da aka ƙirƙira a 1967, ta wannan ƙofa suka bi. Ba su kaɗai ba, alƙalai ma an kawo su Kongo an koya musu sabuwar dokar laifuka ta Arewa wajen 1960, hakimai da 'yan majalisar En'e su ma suna zuwa kwas na 'yan makonni.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba 1962 sai aka haɗe cibiyar da ita, shi ya sa har yau sashen mulki da na shari'a suke Kongo, alhali babbar harabar tana Samaru. A shekarun 1960 Jami'ar Pittsburgh ta Amurka ta turo malamai da tallafin hukumar USAID, kuma ta nan salon Amurka na koyar da fannin ya shigo ya zauna a kan tsarin Ingila da aka gada. A Kudu kuma Jami'ar Ife ta buɗe tata cibiyar a farkon shekarun 1960, a can ne Adebayo Adedeji ya zama farfesa, kuma shi ake cewa ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi a fannin. Kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON da ke Topo, Badagry, an kafa ta a 1973, a zamanin da kwamitin Udoji ke nazarin aikin gwamnati. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 shi ma ya ƙara wa Kongo ɗalibai, tunda kowace sabuwar ƙaramar hukuma sai ta nemi sakatare da ma'aji da jami'in ma'aikata masu horo.



Sharuɗɗan shiga

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ce ke shimfiɗa mafi ƙarancin ƙa'ida, kowace jami'a kuma ta ƙara nata a kai, don haka abin da Bayero ta karɓa ba lallai Danfodiyo ko Maiduguri su karɓa ba. Amma akwai abubuwan da kusan ko'ina sai an nema.

Na farko sakamakon sakandare, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, na WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama bai wuce biyu ba. Wannan yana ba mutane mamaki, za ka ga darakta mai shekara hamsin da furfura an dawo masa da fayil saboda fas ya samu a Lissafi shekara talatin da suka wuce, dole ya je ya zauna jarabawa da sa'o'in 'ya'yansa.

Na biyu digirin farko daga jami'ar da aka amince da ita, aƙalla mataki na biyu ƙarami, wanda ɗalibai ke ce wa tutu, wato daga maki 2.40 zuwa 3.49 a ma'aunin 5.00. MPA ba ta cika matsa wa sai wanda ya karanta fannin ba, mai digirin siyasa ko tattalin arziki ko shari'a ko zamantakewa duk suna shiga, wasu jami'o'in har injiniya da likita suna ɗauka in yana riƙe da muƙamin gudanarwa. Mai mataki na uku ko mai HND kuwa sai ya fara yin diflomar bayan digiri a fannin, wato PGDPA, shekara ɗaya, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi mastas.

Sai takardar gama bautar ƙasa ta NYSC ko ta yafewa, ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri. Sai wasiƙun shaida daga mutum biyu ko uku, galibi tsohon malami da shugaba a wurin aiki. Wasu wuraren suna neman shaidar shekarun aiki, wasu suna yin jarabawar tantancewa, wasu fom kawai za ka cika a intanet ka biya kuɗi ka jira sunaye su fito.

Abin da ya fi cin rai shi ne tiranskirif, wato cikakken bayanin makin da mutum ya ci kwas bayan kwas. Ba a ba ɗalibi a hannu, tsohuwar makaranta ce za ta aika wa sabuwar kai tsaye, kuma a nan ake yin sintiri, ka biya kuɗi a banki, ka kai rasit ofishin jarabawa, a ce fayil ɗinka yana sashe, sashe su ce wanda ke riƙe da makullin ya tafi hutu. Akwai waɗanda suka gama duk karatun mastas ɗin amma aka riƙe sakamakonsu don takardar nan ba ta iso ba. Ma'aikacin gwamnati kuma yana buƙatar izinin ofishinsa, in ba haka ba ranar da ya kawo satifiket a saka masa a fayil za a tambaye shi da izinin wa ya tafi.

Kwasa-kwasai

Karatun aji samista biyu ne zuwa uku, sannan furojet, gaba ɗaya wata 18 zuwa shekara biyu in yajin aiki bai gitta ba. Da yake ɗaliban ma'aikata ne, lakca takan kasance Juma'a da yamma da Asabar, wani lokaci har Lahadi. Makin ci a matakin mastas 50 ne cikin 100, saɓanin digirin farko, wanda ya samu 49 sai ya maimaita.

Kwas ɗin dole sun haɗa da nazariyyar gudanarwa, inda ake haɗuwa da Max Weber da tsarinsa na aikin ofis, da Luther Gulick da kalmarsa ta POSDCORB ta 1937, mai taƙaita ayyukan shugaban ofis, da kowa ke haddacewa daren jarabawa. Akwai kwatanta tsarin mulkin ƙasashe, nan kuma Fred Riggs ne ke da filin, shi da bayaninsa kan ƙasashen da dokar ofis ke rubuce a takarda amma dangantaka da sanayya ke tafiyar da aiki, ɗaliban Najeriya ba sa shan wahalar gane wannan darasi. Sai kuɗin gwamnati da kasafi, kula da ma'aikata, dokar gudanarwa, mulkin ƙananan hukumomi, nazarin manufofi, da dabarun bincike da ƙididdiga, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. A 'yan shekarun nan an ƙara gudanar da mulki ta kwamfuta, ana kawo misali da asusun bai ɗaya na TSA da tsarin biyan albashi na IPPIS.

Furojet bincike ne mai babi biyar a ƙarƙashin sufabaiza, kuma yawanci mutum kan ɗauki ma'aikatarsa ko ƙaramar hukumarsu ya yi nazari a kai.

Bambanci da MSc

MPA na ƙwarewar aiki ne, MSc na bincike ne da koyarwa. Mai MSc yana gabatar da shawarar bincike, ya kare ta, ya rubuta cikakken kundi, a gayyato mai jarabawa daga wata jami'a ya titsiye shi. Jami'o'i da yawa ba sa karɓar MPA kai tsaye zuwa digirin dakta, sai mutum ya koma ya yi MSc ko MPhil, wani mastas ɗin bincike, kuma ba kasafai ake faɗa wa mai cika fom wannan ba sai ya gama. A Bayero akwai makamancin MPA mai suna MPPA, wanda ya haɗa da manufofin gwamnati. Jami'ar NOUN kuma tana yin MPA ta hanyar karatu daga gida.

Taƙaddama

Masu HND na ganin tilasta musu PGDPA wariya ce, jami'o'i na cewa manhajar ce ta bambanta. Wasu malamai kuma na kukan cewa azuzuwan ƙarshen mako sun yi cunkoso, sun koma hanyar tara kuɗin shiga.