Mene ne Ceshmi Bulbul?

Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan kayan ƙawa a Istanbul zai yi wuya bai ga wasu kwalabe da butoci na gilashi ba, masu zanen fari da shuɗi da ke murɗawa tun daga gindi har wuya. Sunansu Çeşm-i Bülbül, ana furta shi ceshmi bulbul. Kalmomin daga Farisanci suke: ceshm ido, bulbul kuwa wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya da mawaƙan can suka daɗe suna yabo. Wato idon bulbul ke nan. Kada jin an ce ido ya sa ka ɗauka dutsen nan ne mai shuɗi da Turkawa ke ratayawa don kau da kambun baka. Shi wannan nazar ake ce masa.

Gidan wannan sana'a shi ne Beykoz, wani yanki na Istanbul, a gaɓar mashigin Bosforus ta ɓangaren Asiya. Labarin da ya shahara shi ne Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Salim na Uku, wanda ya yi mulki daga 1789 zuwa 1807, ya tura wani ɗan ɗariƙar Maulawiyya, Mehmed Dede, birnin Venis da ke Italiya ya koyo aikin gilashi, da ya dawo ya kafa maƙera a Beykoz.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen nan ba fenti ba ne, a cikin jikin gilashin yake. Maƙeri zai jera siraran sandunan gilashi masu launi a tsaye cikin wani mazubi, fari na bin shuɗi. Sai ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu, ya zura ciki ya hura har sandunan su manne masa. Ya sake lulluɓe shi da garai-garan gilashi, ya mai da shi wuta, sannan ya kama ƙarshen da awartaki yana juya bututun, layukan su murɗe. Nan gwaninta take, don in hannu ya yi gaggawa ko gilashin ya huce, layukan sun karkace ke nan, ba gyara.

Da wannan salo aka yi ta yin kwalaben yayyafa ruwan wardi, da na saka furen tulif, da kwanukan alewa. Kamfanin Paşabahçe da ya fara aiki a 1935 ya farfaɗo da salon, saboda haka yawancin na kanti yanzu sabon ƙira ne. Na ƙarni na 19 sai gidajen tarihi da wurin masu tara kayan dā.