Kwamfutar wasa ta yaro idan kuɗi ba su da yawa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tambayoyin nan iyaye ne ke ta kawo su, kusan da lafazi ɗaya. Na tara amsoshin wuri guda, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wace kwamfuta zan saya wa yarona?

Wane wasa yake yi? In ba ka sani ba, tashi ka tambaye shi tukuna. Roblox da Minecraft ba sa cin ƙarfin kwamfuta kamar manyan wasannin da ke fitowa yanzu, Fortnite kuma yana tsakiya. Kowane wasa, kamfaninsa ya rubuta abin da yake buƙata gida biyu: mafi ƙaranci, da wanda suka ba da shawara. Na biyun za ka bi.

Ya ce sai mai fitilu kala-kala da gilashi a gefe.

Fitila ba ta ƙara wa wasa gudu. Masu sayarwa sun san abin da ke ɗaukar idon yaro, shi ya sa suke ƙawata akwatin su cusa kayan da suka kwana biyu a ciki. Kai ne mai biya, karanta abin da ke cikin.

To a kan me zan fi zuba kuɗin?

Katin hoto, wanda ake kira GPU. Shi ke zana duk abin da yaron ke gani a allo. RX 6600 na AMD da RTX 3060 na Nvidia, duka na 2021 ne, kuma har yanzu suna ɗaukar yawancin wasanni a 1080p, wato matsakaicin kaifin hoton allo, ba tare da wahala ba. Furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, matsakaiciya ta isa, irin Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F. Kada kalmar "i7" ta ruɗe ka don lambarta ta fi ta "i5" girma. i7-4770 ta 2013 ce, kuma i5 ta 2022 ta wuce ta nesa ba kusa ba. Lambobin da ke bin sunan su ne ke faɗin shekarunta.

RAM nawa?

RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita yayin wasa, 16GB za ka sa. A sa guda biyu masu 8GB, sun fi guda ɗaya mai 16GB aiki.

SSD ko tsohon faifai mai juyawa?

SSD. Duka biyun wurin ajiye wasanni da fayiloli ne, amma SSD ya fi sauri, wannan ba abin muhawara ba ne. In da hali 1TB, wato kusan 1000GB, domin 500GB wasanni kaɗan ne za su cika shi.

An ce in sayi tsohuwar kwamfutar ofis in sa mata katin hoto. Dabara ce?

Nan ne ba ni da amsa guda. Ana yi, kuma wani lokacin ya fi komai sauƙi, amma akwai sharuɗɗa, kuma masu ba da wannan shawara ba kasafai suke faɗinsu ba.

Irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, ofisoshi kan sallame su bayan 'yan shekaru, don haka suna da araha kuma suna da ƙwari. Sai dai ba don wasa aka ƙera su ba. Da yawansu akwatinsu siriri ne, katin hoto na yau da kullum ba zai shiga ba sai gajere na musamman, shi kuma zaɓinsa kaɗan ne. In za ka saya, nemi mai babban akwati.

Ko da katin ya shiga, sai maganar wuta. Na'urar da ke raba wuta a cikinsu ƙarama ce, sau da yawa ba ta wuce wat 250 ba, kuma ba ta da igiyar da manyan katuna ke buƙata. Ramin da ake soka katin wat 75 kawai yake bayarwa. RX 6600 yana shan wat 132, ka ga ba zai yiwu ba ke nan. Abin da zai rage maka shi ne katunan da ramin kaɗai ke ciyar da su, kamar wasu nau'o'in GTX 1650 ko RTX 3050 mai 6GB. Za ka ce to a canza na'urar wutar mana. A wasu ana iya, a wasu kuma kamfanin ya yi mata baki na daban wanda na kasuwa ba ya shiga. Sai an duba lambar samfurin, ba na iya yanke hukunci daga nesa.

Sannan Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana son furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama, tare da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. A irin waɗannan, lambar farko bayan "i5-" ita ke nuna zubin, ma'ana mai i5-8500 ta tsallake, mai i5-6500 ko i5-7500 ba ta tsallake ba, komai kyan farashinta.

A ganina, yaro ƙarami da Roblox da Minecraft ne duniyarsa, wannan hanya za ta iya riƙe shi. Wanda ya fara tasawa kuwa, wanda gobe zai ga sabon wasa wurin abokansa, ina shakka, domin kwamfutar ba ta da wurin ƙari. Shi gara a haɗa masa mai Ryzen 5 5600G, wadda ke da sashen hoto a jikinta. Zai fara da ƙananan wasanni, in kuɗi suka samu a ƙara kati. Ita ma ba za ta burge shi a farkon ba, ka sanar da shi tun wuri.

Zan iya rage kuɗi a na'urar wuta? Ai duk ɗaya ne.

Haba malam! Komai na cikin akwatin daga gare ta yake shan wuta, in ta lalace tana iya tafiya da wasu. Sayi ta sanannen kamfani, wat 550 zuwa 650, mai garanti. Tambarin 80 Plus da ake liƙa mata yana nuna rashin ɓarnar wuta ne, ba shaidar inganci ba ce ita kaɗai, amma wadda ko shi ba ta da shi, bar ta.

Allo fa? Na ga mai 4K.

Bar shi inda ka gan shi. 4K hoto ne mai kaifi sosai, katin da kuɗinka za su saya ba zai iya ciyar da shi ba. Inci 24 mai 1080p.

Na saya, ga shi wasan yana ta tsinkewa. An cuce ni?

Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa ba a cuce ka ba. Leƙa bayan akwatin. Idan igiyar allo tana sama, kusa da ramukan USB, to ba katin hoton ke aiki ba, ka biya kuɗinsa yana zaune. Cire ta ka mayar ƙasa, a ramukan katin. Bayan haka a sauke sabuwar manhajar katin daga shafin Nvidia ko AMD. In duk da haka bai gyaru ba, sai a rage ingancin hoto a cikin saitin wasan.

Ba za ta hana shi karatu ba?

Wannan aikinka ne, ba na kwamfuta ba. Buɗe masa asusun yaro, ka riƙe babban asusun da kalmar sirrinsa. Microsoft Family Safety kyauta ne, yana ba ka damar ƙayyade awannin da zai yi da wasannin da zai buɗe. Ajiye ta inda ake wucewa ana ganin allon. Kuma kada ka bar bayanan katin bankinka a ciki, domin Roblox da Fortnite duka suna sayar da kuɗin cikin wasa, Robux da V-Bucks, kuma dannawa kaɗan ce tsakanin yaro da sayensu.